Babi na Huɗu: Rage Kuɗin Dakon Kaya a Jirgin Sama da na Ruwa

Darasi na 1: Auna kwali

Ku ɗauko tef ɗin awo da biro da takarda. Kamfanin jirgin sama ba sikeli kaɗai yake dubawa ba, har wurin da kwalinku ya ci a cikin jirgi ana biya. Kwali cike da matasai ba shi da nauyi, amma ya tare wuri.

Ku rufe kwalin, ku liƙe shi, sannan ku auna ta waje: tsawo, faɗi, tsayi. Da santimita, ba da inci ba. Tef yana da lambobi iri biyu, masu ƙananan tazara su ne santimita.

A ce tsawo 60, faɗi 50, tsayi 40. Ku ce 60 sau 50, ya ba da 3,000. Sannan 3,000 sau 40, ya ba da 120,000. Ku raba da 6,000, amsa 20. Wato kilo 20 ke nan na girma. Ko da sikeli ya nuna kilo 8, kuɗin kilo 20 za a karɓa, domin wanda ya fi yawa ake ɗauka.

Idan bai zauna ba, babu komai, a hankali ake yi. Mu sake. Sau ake yi, ba tarawa ba. Wanda ya tara 60 da 50 da 40 ya sami 150, ya ɓata hanya tun daga ƙofa. Tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 6,000.

Yanzu ku matse kayan nan a kwali mai 50, 40, 30. Lissafi ya ba da 60,000, an raba ya zama kilo 10. Kaya ɗaya, kuɗi ya ragu da rabi. Wasu kamfanonin aika saƙo na gaggawa da 5,000 suke rabawa, sai ku tambaya kafin ku biya.

Har yanzu akwai masu auna kwali a buɗe, ko su ƙiyasta da ido. Haba! Idan cikin kwalin ya kumbura, daga kumburin za a auna muku. A rufe, a liƙe, a auna ta waje, da santimita.

Darasi na 2: Jirgin ruwa

Ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai makonni yake ɗauka. Idan kayanku ba su cika kwantena ba, za a haɗa su da na wasu, a caje ku gwargwadon girma. Awon dai shi ne na ɗazu, amma da 1,000,000 ake rabawa: kwalinmu na farko ya zama kubik mita 0.12 (kubik mita ɗaya shi ne wuri mai tsawo, faɗi da tsayi mita ɗaya-ɗaya). Kwantena mai ƙafa 20 tana da kusan kubik mita 33, ko da yake ba a iya cusa ta har baki. Kaya in sun doshi rabinta, ku tambayi kuɗin kwantena guda ku gwada.

Darasi na 3: Kuɗin jinkiri

Ana ba da 'yan kwanaki kyauta na kwashe kaya bayan sun sauka a tasha. Suna ƙarewa, kullum sai an biya. Ku shirya takardun kwastan tun jirgi yana hanya.

Darasi na 4: Farashi

Ku tambayi kamfani uku. Kowanne ya rubuta jimlar kuɗinsa, har da na sauke kaya a tasha.