Darasi na 9: In kwamfuta ta cika, mi ake gogewa mi ake bari

Assalamu alaikum Malamai da Hajiyoyi. A darasin baya mun koyi buɗe folda da sa mata suna, yau kuma zamu duba abinda ake yi in kwamfuta ta cika maƙil. Zaku ga ta daɗe kafin ta tashi, ku gama rubutu ku zo ajiyewa ta ƙi, ko ku tura hotuna daga waya su tsaya a rabin hanya, wani lokaci kuma ɗan saƙo ya riƙa leƙowa ta kusurwar ƙasa hannun dama an rubuta Low Disk Space. Mutane da yawa da sun ga haka sai su hau goge-goge ido rufe, wasiƙu su tafi, hotunan suna da na biki su tafi, a gama a duba wurin bai ƙaru da komi ba. Don haka kafin ku taɓa komi sai kun fara gano mi ya cinye wurin.

Awon kaya

Kun saba da mega da giga wurin sayen data, to awon guda ne. KB 1024 shine mega ɗaya, mega 1024 kuma giga ɗaya. Wasiƙar da kunka buga a Word in ba hoto cikinta ko kusa da mega ɗaya bata kai ba. Hoton waya mai kyau yakan kai mega 2 zuwa 5. Amma fim guda ko bidiyon walima na awa biyu sai ya cinye giga ɗaya ko fiye, kenan bidiyo guda ya fi dubban wasiƙu nauyi. Wanda ya zauna yana goge takardu ɗai-ɗai don neman wuri wahala kawai yake ba kanshi.

Yanzu ku danna maɓallin mai alamar taga a kibod tare da harafin E, sai ku nemi This PC a gefen hagu, in Windows 7 ce Computer zaku gani. Akwai wani dogon layi ƙarƙashin Local Disk C, wanga shine rumbun kwamfutar. In layin shuɗi ne da sauran wuri, in ya koma ja to abinda ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Ƙasanshi akwai lamba biyu, a ce 9 GB free of 118 GB, ta farko wurin da ya rage, ta biyu girman rumbun duka. Ku rubuta ta farkon a littafinku don zamu dawo gareta. Kuma kar wanda ya koma ya yi rigima da mai shago don an ce mashi 128 ya ga 118, ko an ce 500 ya ga 465, ba cuta bace, masu ƙerawa da Windows ne lissafinsu ya bambanta. Yawancin laftof na hannu da ake saidawa nan garin Sakkwato irin waɗanga biyun ne, kuma mai 128 ɗin bata da wuyar cika ko kaɗan tunda Windows kanta ta riga ta kama wuri mai yawa.

Masu Windows 10 da 11 ku danna alamar taga da harafin I, ku shiga System sannan Storage, ku ɗan jira. Zata jero maku da kanta, manhajoji sun ci kaza, bidiyo kaza, tarkacen wucin gadi kaza. Wanda ya fi tsawon layi nan zaku fara.

Inda kayan kan taru

Foldar Downloads ita ce uwa uba. Duk abinda anka sauke daga intanet nan yake faɗawa kuma ba mai komawa ya duba. Ku buɗe ta, ku danna View a sama ku zaɓi Details, sai ku danna kalmar Size, in ƙananan sunka hau sama ku sake dannawa manyan zasu hau. Goma na farko kawai ku duba da kyau. Zaku tarar da fayil masu ƙarewa da exe, waɗanda anka sa manhaja da su, tunda an riga an sa manhajar aikinsu ya ƙare, sai in kuna son ajiye su don wata kwamfutar. Zaku ga kuma suna guda har uku, na biyu da lamba 1 a gabanshi na uku da lamba 2, wato an sauke abu guda sau uku don netiwok ya yi nauyi mutum ya yi ta dannawa. Ku buɗe guda ku tabbatar yana aiki, sauran su tafi. Haka zaku yi ma Videos da Desktop, da duk wata folda da yara sunka buɗe sunka zuba kayan waya ta Xender ko ta kebul.

Wani dattijo mai kula da wata Islamiyya can wajen Mabera ya taɓa zo mana aji da laftof a cikin jakar buhu, ya ajiye ta ya ce, "Malam, wagga na'ura ta ƙoshi, ta ƙi karɓar komi, ga jarabawa ta matso." Na ce, "Baba, mi kunka zuba mata?" Ya ce, "Karatu na ɗai, babu fim ko guda." Gaskiya ya faɗa. Da munka jera kayan bisa nauyi sai ga tafsirin azumi na bidiyo, wata guda cur, yana Desktop, yana Downloads, yana kuma cikin wata folda mai suna New folder da jikanshi ya buɗe, abu guda wuri uku. Shi kuwa kafin ya zo har ya goge takardun sakamakon yara na bara wai don ya samu wuri. Na nuna mashi kwafi biyun da za'a cire, ya riƙe min hannu ya ce shi ba shi sa karatu cikin kwandon shara. Ba mu ja da shi ba, anka samo filash babba anka kwashe su can, kwafi guda ya zauna, layin ja ya koma shuɗi. Takardun sakamakon ma munka same su don bai san ana zubar da kwandon ba.

Kwandon shara

Wanga wurin ku natsu. In kun danna Delete abun bai fita daga kwamfuta ba, ya koma Recycle Bin ne, kwandon nan da ke kan sikirin, kuma yana nan yana cin wurinshi kamar da. Kamar mace ta share ɗaki ta tara sharar bayan ƙofa ne, ɗakin ya yi kyau a ido amma sharar tana ciki. Ku buɗe kwandon ku bi kayan da ido tukuna, in kun ga abinda kuke so ku danna shi da ɓangaren dama na mawus ku zaɓi Restore zai koma inda ya fito. In kun gamsu sai ku danna Empty Recycle Bin, zata tambaye ku ko kun tabbata, ku ce Yes. Daga nan abun ya tafi, dawo da shi sai masu gyara, su ma ba kullum ake dace ba.

Abu biyu ne basu bi ta kwando. Wanda anka goge da Shift haɗe da Delete, da wanda anka goge daga cikin filash ko memori. Waɗannan kai tsaye suke tafiya. Yaran shagon kwafi suna son Shift ɗin nan don sauri, ku da kuke koyo ku bar shi tukuna.

Tarkacen da Windows ke tarawa da kanta

A shafin Storage ɗin nan ku danna Temporary files. Zata ɗan yi lissafi ta kawo jerin akwatuna, wasu da alamar zaɓi wasu babu. Waɗanda ta zaɓa da kanta ba matsala, ku danna Remove files. Amma don Allah ku lura da akwatin da anka rubuta Downloads, in kun sa mashi alama duk foldar zata share, har da takardar ɗaukar aiki ko katin jarabawar yaro da kunka sauke. Ku bar shi fayau. In kun ga Windows Update Cleanup ku zaɓe shi, yakan fito da giga da dama. In kuma kwanan nan anka ɗaga maku Windows zaku iya ganin Previous Windows installation, tsohuwar ce anka ajiye ko zaku so komawa, tana da nauyi sosai kuma bayan kwana 10 Windows kan cire ta da kanta, in sabuwar tana maku aiki lafiya ba sai kun jira ba. A shafin Storage ɗin kuma akwai Storage Sense, in kun kunna shi zai riƙa wanga aikin lokaci-lokaci, sai dai ku sani yana zubar da abinda ya kwana 30 a kwando.

Masu Windows 7, ku danna alamar taga da R ku rubuta cleanmgr ku danna Enter, ku zaɓi C, aikin kusan guda ne. Ga wata magana a gefe, Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ita ma 10 an rufe nata a Oktoban 2025, zasu ci gaba da aiki amma a yi hattara da shiga banki da su. 

Manhajoji kuma ba'a cire su da Delete. Ɗan hoton da ke kan sikirin mai ƙaramar kibiya a gindinshi hanya ce kawai, ko kun goge shi manhajar tana nan daram. Masu Windows 10 da 11 ku shiga Settings sannan Apps, ku jera su bisa nauyi, gem ɗin ƙwallo da yara sunka sa shi kaɗai sai ya fi duk takardunku na shekaru nauyi, ku danna shi ku zaɓi Uninstall. Wanda kunka ga sunan Intel ko Realtek ko Microsoft Visual C++ a jikinshi ku ƙyale shi ko da kun ga sun yi yawa, su ke riƙe da sauti da sikirin da wasu manhajojin.

Cikin C kuma akwai foldar Windows da Program Files, ba ruwanku da su. Akwai masu tsokana a intanet da ke cewa a goge System32 wai kwamfuta zata yi sauri, wanda ya bi su kwamfutar ma bazata tashi ba. Abinda ba ku kunka ajiye ba kuma baku san aikinshi ba, ku tambaya kafin ku taɓa. Haka saƙonnin da ke faɗowa da jan rubutu wai kwamfutarku ta cika da datti ku danna nan a wanke maku, ni dai ban yarda da su ba, mafi yawa talla ce ko ƙwayar cuta, kuma abinda ke cikin Windows ya isa.

Abinda ba'a son rabuwa da shi

Hotunan iyali da karatuttuka da bidiyon biki kwashe su ake. In kwamfutar tana da Local Disk D kusa da C ku mayar da su can, C zata sarara, sai dai galibi C da D faifai guda ne anka raba biyu, in ya mutu duka sun tafi. Wanda ya fi shine filash ko faifan waje. Ku yi Copy ku yi Paste, ku buɗe biyu ko uku a can ku ga suna buɗewa, sannan ku dawo ku goge na asali. Kar ku yi Cut da kaya masu yawa in batirin ba shi riƙe caji, a ɗauke wuta a tsakiya ku rasa gane wanne ya tafi wanne ya saura. Filash mai arha da anka rubuta ma girma na ban mamaki a guje shi, akwai jabu da ke nuna sun karɓi kaya amma in anka buɗe ba komi. Mai adireshin Gmail yana da giga 15 kyauta a Google Drive, ya dace da takardu, bidiyo kuwa data zai cinye maku.

Masu shagon bugu da kwafi irin na bakin jami'ar Ɗanfodiyo da kwalejin Shehu Shagari, naku ya ɗan bambanta. Hotunan fasfo da takardun NIN da sakamakon jarabawa da kuke sikanin kullum amanar mutane ce, da an gama aiki a goge su a zubar da kwando, ko wuri bai cika ba. Furojet ɗin ɗalibi kuwa a tambaye shi ko yana da kwafi kafin a cire.

In kun gama duk wanga ku kashe kwamfutar ku kunna. In layin ya koma shuɗi amma har yanzu tana jan ƙafa to matsalar ba ta wuri bace. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu. A daina ɗora ta bisa katifa ko darduma, a kai ma mai gyara ya busa mata fankar.

Aikin gida

Ku buɗe This PC ku rubuta wurin da ya rage. Ku jera Downloads bisa nauyi ku rubuta sunan manya biyar da nauyin kowanne, gaban kowanne ku rubuta ko na gogewa ne ko na kwashewa ko baku sani ba. Waɗanda kunka tabbatar ku goge, ku zubar da kwando, ku sake rubuta lambar a ƙasan ta farko ku ɗebe ku ga giga nawa kunka samu. Na rukunin ban sani ba ku zo da sunayensu aji mu duba tare. Wanda ba shi da kwamfuta a gida ya gwada a waya, ya buɗe WhatsApp ya shiga Settings, Storage and data, Manage storage, zai ga duk abinda ya wuce mega 5 an ware mashi wuri guda.