Yadda ake kafa daren barkwanci na wata-wata a Katsina

Shirya wasan barkwanci sau ɗaya ba wuya ba ne, ko ɗaliban sakandare suna yi ranar rabon kyaututtuka. Wuyar tana wajen sa mutane su saba, su san cewa Asabar ɗin farko ta kowane wata akwai dariya a wuri kaza ko ba a yi shela ba. Na daɗe a harkar wasan dandamali a birnin nan, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Ka fara da tsayar da rana, kuma kada ka taɓa ɗaga ta saboda 'yan kallo sun yi kaɗan. Ni na fi son wata-wata a kan mako-mako, don 'yan wasanmu ba su da yawa, kuma raha ba ta jure maimaici. A fara bayan Isha'i, a tashi kafin ƙarfe 10, domin mai komawa Ƙofar Ƙaura ko Batagarawa ya samu keke. Da azumi a tafi hutu, a sanar tun da wuri, a dawo da babban wasa cikin kwanakin Sallah. Idan filin ba rufi, ka tanadi zauren da za a koma daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta da ruwa ba ya sallama.

Kafin ka buga takarda ko ɗaya, je ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ka faɗa musu abin da za a yi da lokacin tashi. Rubuta wa ofishin 'yan sanda na yankin. Tun 2023 jihar nan tana da Hukumar Hisba, su ma a kai musu takarda, har da gayyata. A ware wa mata da iyali ɓangarensu da ƙofarsu, a haska wurin sosai. Magidanci ba zai kawo iyalinsa inda bai natsu ba, kuma iyalai ne ke riƙe irin wannan taro.

Sai 'yan wasa, kuma nan ne na fi son a tsaya. Yaran da suka yi suna a TikTok za su jawo maka jama'a, amma wanda ya saba da bidiyon minti ɗaya da ake yankewa a gyara, sau da yawa numfashinsa kan ƙare idan ya tsaya gaban mutane na minti 10. Ka haɗa su da tsofaffin hannu. Nemo ɗan kama, irin waɗanda ke ɗaukar muryar mai wa'azi ko sanannen mawaƙi su karkatar da zancen gaba ɗaya ya koma kan tuwo da miya. Waɗannan a kasuwa suka koyi sana'a, inda in ba ka ba da dariya ba kowa zai kama gabansa. Sun san lokacin da ake yin shiru a bar dariya ta gama sauka, abin da yaranmu ke gaggawar takewa. Ka kuma sa ido lokacin tashe, daga 10 ga azumi. Yaron da ya liƙa gemun auduga ya sa layi guda dariya, ka nemi iyayensa ku yi magana.

Abin da za a yi raha a kai yana nan birjik: mai shayi da masu cin bashi, cinikin keke, dillalin gidan haya, ango da kayan lefe, ɗan siyasa kafin zaɓe da bayansa. Ga kuma wasan da muka gada, na taubasai, na jika da kaka, na Fulani da Barebari, na Kanawa da Zagezagi, namu da Nufawa. Wannan wasa yana da ƙa'ida, abokin wasanka kake tsokana, shi ma yana da damar ramawa. Saboda haka in za a taɓa Banufe, a sa wanda zai tsaya masa a kan dandamali. Addini, naƙasa, mutuncin mata da kiran sunan wani a ci masa fuska, ba na yarda da su ko da za a fashe da dariya. Shi ya sa gwaji ya zama dole kwana biyu kafin wasa, kowa ya yi nasa a gabanka daga farko har ƙarshe.

Tsarin daren kada ya wuce awa ɗaya da rabi. Mai gabatarwa ya ɗumama wuri, sabbin hannu biyu su yi minti biyar-biyar, a saka gajeren wasan kwaikwayo, a sha iska a sayi tsire da zoɓo, sannan gwanin dare ya rufe. Kuɗin kayan aiki ka zuba su a makirufo da lasifika kafin ado, domin maganar da ba a ji ba ba ta ba da dariya. Janareta a kai shi can nesa, a cika shi da mai tun da rana.

Kuɗin shiga kada ya fi ƙarfin ɗalibi, a ɗan ƙara wa kujerun gaba. A tanadi POS da lambar asusu a ƙofa, mutum biyu su riƙa lissafi. Ku yi yarjejeniyar rabo a rubuce, a cire kuɗin wuri da mai, a sallami kowane ɗan wasa a daren, ko kaɗan ne. Wanda aka ce wa sai gobe ba ya dawowa da zuciya ɗaya. Batun liƙi kuma a kula: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun, ga mai watsa kuɗi a taro. A ajiye faifai a bakin dandamali, mai kyauta ya ɗora, mai gabatarwa ya yi masa godiya da suna.

Kafin a watse a faɗi ranar wasa na gaba da wanda zai rufe shi. Washegari a saki guntun bidiyo biyu a WhatsApp da Facebook da izinin masu wasan, cikakken wasan kuwa a bar wa waɗanda suka biya kuɗin ƙofa.