Yadda Ake Bin Diddigin Magada Kafin a Taɓa Gado a Damagaram

A shekarar 2007 tashar BBC ta fara nuna wani shiri mai suna Heir Hunters, inda ake bin masu binciken salsala yayin da suke neman dangin mutanen da suka rasu ba su bar wasiyya ba, ba a kuma san nasu ba. A Ingila irin wannan dukiya gwamnati ce ke riƙe ta, kuma magaji yana da damar nemanta har shekara 30 daga ranar rasuwa. Abin da ke sauƙaƙa wa masu binciken aiki shi ne ana rubuta haihuwa da aure da mutuwa a can tun 1837. Mu a Zinder ba mu da rajista mai nisa haka, amma matsalar muna da ita: gidan ƙasa a Birni ko Zongo da ruwan sama yake ci shekara da shekaru saboda mai shi ya rasu, ƴaƴansa kuwa wani yana Kano, wani yana Arlit, wata an kai ta aure Agadas, wani ya tafi Libiya ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wanda dangi suka ɗora wa nauyin warware irin wannan gado, aikinsa na fari shi ne ya gano su wane ne magada gaba ɗayansu, kafin a yi maganar kuɗi ko a kira dillali.

A fara da tabbatar da ranar rasuwa, domin a shari'a magaji shi ne wanda yake da rai a ranar da mamacin ya cika. Idan an sanar da mutuwar a ma'aikatar magajin gari, sai a karɓo takardar shaidar mutuwa. Idan lokacin sanarwa ya wuce, kamar yadda yake faruwa a gidaje da yawa, sai a je kotu da shaidu a nemi hukuncin da zai maye gurbin takardar. Inda aka manta shekarar, a tambayi limamin da ya yi sallar gawa da mai unguwa, a kuma gwada ta da abin da kowa ya riƙe, kamar fari na 1984 ko rasuwar wani babba a unguwa.

Daga nan sai a ɗauki babbar takarda a zana gidan. A rubuta sunan mamacin a tsakiya, iyayensa a sama, matansa a gefe, kowace mace da ƴaƴanta a ƙarƙashinta, sa'an nan ƴan'uwansa, tare da bambance shaƙiƙai da ƴan uba da waɗanda suka haɗa uwa kaɗai, domin rabonsu ba ɗaya ba ne. A gaban kowane suna a rubuta ko yana da rai, in ya rasu kuma a rubuta ko ya riga mamacin ne ko ya bi bayansa. Wannan tambaya guda ita ce ke juya lissafin duka. Ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa ba shi da kaso, kuma ƴaƴansa ba sa gadon kakansu matuƙar akwai wani ɗa namiji da rai. Ɗan da ya rasu bayan mahaifinsa kuwa, ko da kwana ɗaya ne, kasonsa ya tabbata, sai ya gangara ga matarsa da ƴaƴansa da mahaifiyarsa. Malaman gado suna kiran wannan munasaha, kuma shi ya sa gidan da aka bari shekara 40 ba a raba ba yakan wayi gari da magada fiye da ɗakunan da ke cikinsa.

Wajen cike wannan takarda, kada a dogara ga mazan gida kaɗai. Gwaggo da inna da tsofaffin kishiyoyi su ne suka san auren da aka yi a Magarya ko Daura lokacin fatauci, da matar da ta fita da ciki, da yarinyar da aka ba wata ƴar'uwa riƙo tun tana goye har mutane suka ɗauka ƴarta ce. A zauna da kowace ita kaɗai, a rubuta abin da ta faɗa, daga baya a gwada maganganun. A ganina, waɗanda aka fi mantawa da su a rabon gado su ne ƴaƴa mata da aka aurar nesa, sau da yawa ba da mugun nufi ba, sai don an daina ganinsu a biki da suna. Haka kuma a kiyaye ɗaya ɓangaren: agola da ɗan riƙo ba sa gado, komai daɗewarsu a gidan, sai dai in mamacin ya yi musu wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusin dukiya.

Neman waɗanda suka yi nisa yana son haƙuri. A Kano da sauran garuruwan fatauci akwai mazauna ƴan Damagaram da suka san juna, kuma direbobin tasha da ƴan kasuwar da ke zirga-zirga sukan isar da saƙo inda waya ba ta kai ba. Sanarwa a gidan rediyo tana da amfani, haka ma saƙon murya a WhatsApp, sai dai kada a ambaci yawan dukiya a ciki, don kada a jawo dangin ƙarya. Duk wanda ya bayyana yana cewa shi ɗan mamaci ne, a karɓe shi da mutunci, a kuma nemi shaidun auren mahaifiyarsa da na sunansa.

Akwai hali biyu da mazhabar Malikiyya ta tsayar da gaggawa a cikinsu. Idan matar mamacin tana da ciki, ana dakatar da rabo har ta haihu. Idan kuma wani magaji ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba, ba a cinye kasonsa, ana ajiye shi har labarinsa ya bayyana ko alƙali ya yanke hukunci a kansa.

Idan takardar ta cika, sai a kira taron dangi, a karanta ta a gaban kowa, a rubuta abin da aka amince da shi, a naɗa wakili. Kafin a raba komai ana fitar da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya. Abin da ya saura shi malamin gado zai lissafa bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, inda matan mamacin, ko ɗaya ce ko huɗu, suke da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan akwai ɗa ko ɗiya, rubu'i idan babu. Mutane da yawa a Zinder suna kai irin wannan magana fadar Sarkin Damagaram don sulhu, kuma hanya ce mai kyau, amma banki da asusun fansho da mai sayen gida takardar gado ta hukuma za su nema, saboda haka a kai sakamakon taron kotu a tabbatar da shi.

Wanda danginsa ya yi aiki a Faransa ya rasu a can, yana da kyau ya san cewa bisa dokar da aka zartar a 2014, kuɗin da ke asusun mamaci wanda ba a nema ba ana mayar da shi Caisse des Dépôts, wato ma'aikatar ajiyar kuɗi ta gwamnatin Faransa, bayan shekara 3 da rasuwarsa, kuma ana iya duba sunansa kyauta a shafinta na intanet mai suna Ciclade. Masu binciken magada na gaskiya suna cire ladansu ne daga cikin gadon bayan ya fito, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Saƙon da ya shigo waya yana cewa wani ɗan'uwa ya bar miliyoyi a Turai amma sai an fara tura jika hamsin na buɗe takardu, wannan damfara ce, kada a tura ko dala, kada kuma a aika hoton katin ɗan ƙasa.