Kurakuran da aka fi yi wajen ziyartar gandun namun daji na cikin kurmi

Babban kuskuren tun daga gida ake ɗauko shi. Mutum ya ga zakuna a talabijin kwance a fili, sai ya zaci haka kurmi yake. Ina! Ganye ya rufe ko'ina, da ƙyar kake hango abin da ke taku ashirin a gabanka. Kunne ya fi ido aiki: ƙarar karyewar reshe, ihun birai can sama. Wani lokacin kashin giwa kaɗai za ka tarar a hanya, da sauran ɗuminsa. Wanda ya ware wuni ɗaya, galibi da hoton bishiyoyi yake komawa. Ware kwana uku, ka riƙa fita da asuba ko da yamma liƙis, ka kuma tambayi matattarar dabbobin. A Dzanga-Sangha ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya akwai wani fili a tsakiyar kurmi inda giwaye ke zuwa neman gishirin ƙasa. Zaman awa biyu shiru a irin wannan wuri ya fi yawon wuni guda.

Sai sutura. Tsando, ƙudan da ke kawo ciwon barci, shuɗi da baƙi ne ke janyo shi, don haka sa kaki ko ruwan ƙasa mai dogon hannu. Cusa ƙafar wando cikin safa. Ba kyan gani, na sani, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kan layin kwarkwasa ba ya sake gardama. Turare kuwa bar shi a jaka.

Wasu sai ana gobe tafiya suke neman allurar shawara, alhali takardar shaidar allurar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10. Ga maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, shi ma kafin a tashi ake fara shansa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɓoye mura. Goggon biri na kamuwa da cututtukan numfashinmu, kuma abin da kai za ka warke daga gare shi cikin mako yana iya kashe shi. Shi ya sa a gandun dajin Bwindi na Yuganda galibi awa ɗaya ake ba baƙi tare da goggon biri, da tazarar da ba ta gaza mita 10 ba. In kana tari, faɗa wa ma'aikatan tun a ƙofa.

Kada ka dogara da waya, sabis kan ɗauke tun kafin a iso. Sauke taswira, riƙe tsabar kuɗi, ka sanar da wani ranar fitowarka. Idan ɗan jagora ya ɗaga hannu, tsaya cak, ka yi tambayar daga baya. In fitsari ya matse ka ma, gaya masa kafin ka ratse, don taku goma daga hanya ya isa ka daina ganin 'yan tafiyarka.