Yadda Za Ka Gane Ko 'Yar Kyanwa Za Ta Yi Dogon Gashi, da Aikin da Ke Jiranka

Kusan kowace 'yar kyanwa da ba ta kai wata biyu ba gashinta a tashe yake, ga laushi kamar sabuwar auduga. Gashin jarirai ne, zubewa zai yi. Shi ya sa za ka ga mutum a Birnin Kebbi ko Jega ya biya kuɗi masu kauri a kan "'yar waje ce mai gashi", bayan wata shida ta koma magen gida irin wadda ke yawo a kan katanga. Akasin haka ya fi wahala: a ɗauko ta don kamun ɓera a ɗakin hatsi, ta girma da gashin da sai an taje kullum, ba mai lokacin yi mata.

Kafin ka taɓa ta, nemi ganin iyayenta. Dogon gashi a kyanwa gado ne mai ɓuya. Ƙwayar halittar da ke da alhakinsa ana kiranta FGF5, kuma sai 'yar ta gaji nau'in dogon gashi daga uwa da uba duka kafin ya bayyana a jikinta. In uwa da muzurun duk masu dogon gashi ne, 'ya'yansu gaba ɗaya dogon gashi za su yi, babu tantama. In duka biyun masu gajeren gashi ne, amma kowanne yana ɗauke da gadon a ɓoye, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su fito da dogo. In ɗaya dogo ɗaya gajere, ya danganta: gajeren in yana ɗauke da gadon, kusan rabin 'ya'yan za su yi dogo, in ba ya ɗauke da shi, ko ɗaya ba za a samu ba. Nan ne masu saye suka fi faɗawa cikin kuskure, don a nuna maka uwa 'yar Fasha (irin magen waje da ake kira Persian) mai gashi har ƙasa ba ya nufin 'yarta za ta bi ta, matuƙar muzurun unguwa ne ya hau ta. Ga kuma wani abu: haihuwa ɗaya tana iya zama da uba fiye da ɗaya, tunda mage mai fita waje ba muzuru ɗaya take haɗuwa da shi ba. Don haka kada ka yi wa 'yar hukunci da 'yan'uwanta.

In ba a san uban ba, wanda shi ne galibi a wajenmu, sai a koma jikin 'yar. A jira ta kai mako 8. Kafin nan duk abin da aka faɗa maka canki-canka ne.

Wutsiya ce babbar shaida. Ɗaga ta a haske ka duba. Ta mai gajeren gashi siririya ce, gashin a kwance, tana ƙarewa da tsini. Ta mai dogon gashi kuwa gashin yana bajewa gefe da gefe tun daga gindinta, kana ganin silin-silin da suka fi sauran tsawo, ƙarshenta a buɗe. Bayan nan juya ƙafarta ta gaba ka ɗan matsa tafin a hankali har yatsun su ware. In ka ga tuntun gashi yana leƙowa daga tsakanin yatsun, har yana neman rufe naman tafin, to wannan dogon gashi za ta yi. Mai gajeren gashi tafinta fes yake, kana ƙirga kowane ɗan naman. Sai bayan kunne da kumatu da bayan cinya: mai dogon gashi tana fara tara gashi mai ɗan lanƙwasa a waɗannan wurare kafin gadon bayanta ya nuna komai. Gashin cikin kunne shi kaɗai ba hujja ba ne, magunan gida da yawa suna da shi. Alama ɗaya ba ta isa ba; in wutsiya da tafin ƙafa suka yi daidai, da wuya ka yi kuskure.

A kula da 'yar da gashinta ya tashi tsaye, ya bushe, ba sheƙi, ga ciki ya kumbura. Ba yawan gashi ba ne, yawanci tsutsar ciki ce ko rashin isasshen nono. Likitan dabbobi take buƙata kafin a yi zancen mataji.

Daga wajen wata 4 zuwa 6 gashin jarirai ke fara zubewa na manya yana fitowa, kuma a lokacin wasu masu dogon gashi sukan yi kamar sun koma gajere, sai wutsiya kaɗai ta rage a buɗe. Kada wannan ya ruɗe ka. Irin su 'yar Fasha da Maine Coon (wata babbar magen Amurka mai dogon gashi) gashinsu ba ya cika sai sun haura shekara 2. Kuma a zafinmu ba za ta yi kaurin gashin da kake gani a hotunan Turai ba, ko da jininta tsantsa ne.

Mai gajeren gashi ba ta da wani aiki. Sau ɗaya a mako a bi ta da buroshi mai laushi ko tsumma mai ɗan danshi, daga kai zuwa wutsiya, shi ke nan.

Mai dogon gashi kullum ne, minti 5 zuwa 10, kuma da matajin ƙarfe mai haƙora iri biyu, manya da ƙanana. Buroshi saman gashin kawai yake gyarawa, yana barin na ƙasa yana cukurkuɗewa. A raba gashin da yatsa har a ga fata, a taje layi-layi da manyan haƙoran, sannan a maimaita da ƙananan. Wuraren da ke fara dunƙulewa su ne bayan kunne, hammata, ƙasan ciki da ƙarƙashin wutsiya, saboda nan ne ake samun guga da danshi, kuma nan ne mage ba ta son a taɓa. Dalilin ke nan da ya sa ake fara saba mata tun tana mako 8, minti ɗaya ko biyu bayan ta ci ta ƙoshi, tun ba ta da abin tajewar. Wadda ba a saba wa ba, in ta girma sai da yaƙushi. Wadda ba a taje wa, ita ce ke haɗiye gashin wajen lasa, ta dinga aman curinsa a kan darduma.

In ka ci karo da ƙulli, kada ka jiƙa shi, ruwa ƙara ɗaure shi yake yi. Barbaɗa ɗan garin sitaci, riƙe gindin ƙullin da yatsu biyu don kada ka ja fata, ka warware daga bakinsa zuwa ciki. Wanda ya manne da fata sai kilifa. Almakashi da reza su ne ke jawo ɗinki, don fatar kyanwa siririya ce, tana shiga cikin ƙullin ba ka sani ba.

Kowane lokaci na shekara da nasa. Da kaka ƙarangiya ce matsalar: mage mai dogon gashi in ta shiga ciyawar bayan gida, sai ta dawo da ita a ciki da wutsiya, a kwana biyu kowace ƙwaya ta zama ƙulli. A cire a ranar. Da hunturu ƙura ke cika gashin, tajewa da goge ta da tsumma sun fi wanka. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, zubar gashi ke ƙaruwa. A ƙara yawan tajewa, a ajiye ruwa wuri biyu, a bar ta ta kwanta kusa da randa. Ana iya rage gashin ciki da kilifa, amma ba a aske ta ƙwal, rana za ta ƙona fatar. 'Yar Fasha mai shafaffen hanci ta fi kowa wahala a wannan lokaci, don numfashinta dama ba ya sakewa. In ka ga tana haki baki buɗe, a kai ta asibitin dabbobi nan take. Gidan da ba shi da ɗaki mai sanyi, a ganinmu, bai kamata ya ɗauko irinta ba.

Da damina kuwa ƙuma da kaska ke yawa, dogon gashi kuma yana ɓoye su. Taje ta a kan farin tsumma mai danshi: in baƙaƙen ɗigon da suka zubo suka koma ja, kashin ƙuma ne. Ƙulli mai danshi a ƙarƙashin wutsiya kuma ƙuda na iya yin ƙwai a ciki har tsutsa ta fito, don haka a dinga rage gashin wurin. Kada a shafa mata kananzir, baƙin mai ko fiya-fiya, lasa za ta yi ta haɗiye. Maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin ma guba ne ga kyanwa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ya kashe. A karɓi wanda aka rubuta na kyanwa ne, a auna nauyinta, a kuma gaya wa likitan makonninta kafin a ɗiga mata.