Yadda ake koya wa mai jin Sifaniyanci Turancin ciwo mai daɗewa

Idan kana koyar da Turanci ta intanet, ko ba daɗe ko ba jima za ka haɗu da ɗalibi daga Madrid ko Bogota ko Miami da zai ce maka ya wuce Turancin gaisuwa, yanzu Turancin asibiti yake nema. Galibi nas ce mai son aiki a Ingila, ko mai kula da tsofaffi a gida a Amurka, ko mai tafinta, ko kuma marar lafiyar ne da kansa yake son ya fahimci likitansa. Abin da sababbin malamai ke yi kusan iri ɗaya ne. Sai su kwana suna tattaro manyan kalmomi irin su hypertension da osteoporosis da fibromyalgia, su jera su a shafi, su zo aji suna jin sun yi abin kai. Ɗalibi ya saurara cikin ladabi, bayan 'yan darussa a neme shi a rasa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Sifaniyanci daga Latin ya fito, manyan kalmomin likitanci na Turanci kuwa daga Latin da Girkanci aka aro su. Mutumin da ya tashi yana jin kakarsa na cewa hipertensión da artritis ba ya buƙatar ka koya masa su. Ka ɗauki gishiri ne ka kai talla Bilma. Abin da ke ba shi wahala shi ne abin da kai kake ganin mai sauƙi ne, wato ƙananan kalmomin da marar lafiya ke faɗa yana kwance a gado.

Ka fara da tambayar inda za shi. Kada ka buɗe darasi ko ɗaya kafin ka san wannan. Likitan da shi ke kira médico de cabecera, a Ingila GP ne, a Amurka primary care doctor. Ɓangaren gaggawa a Ingila A&E, a Amurka ER. Maganin da ya sani da paracetamol a Sifaniya haka sunansa yake a Landan, amma a New York acetaminophen zai gani a kwalba. Idan a Ingila marar lafiya ya ce I feel sick, yawanci tashin zuciya yake nufi, ba rashin lafiya kawai ba. Har awon suga ya bambanta: Sifaniya da Amurka suna amfani da mg/dL, Ingila kuma mmol/L. Abin da ɗalibinka ya sani da 126, a can za a ce masa 7, domin ana raba lambar ne da 18. Nas ɗin da ba ta san wannan ba za ta iya firgita a banza, ko ta ƙi firgita inda ya kamata.

Daga nan sai ka share manyan kalmomin a zama ɗaya, kada ka ƙara. Abu biyu kawai za ka duba a cikinsu. Na farko furuci: inda ake danna murya a diabetes da arthritis, yadda ch ke zama k a chronic da ache, yadda ba a furta p a psoriasis, da kuma ɗabi'ar masu Sifaniyanci ta saka e kafin s, har stroke ta koma estroke, stress ta koma estress. Na biyu gajerun sunaye, domin suna juyewa. EPOC tasu ita ce COPD (ciwon toshewar huhu mai daɗewa), VIH ita ce HIV, UCI ita ce ICU (sashen kulawa ta musamman), TAC ita ce CT scan (hoton cikin jiki). Ka kuma nuna masa cewa insuficiencia renal ba insufficiency ake cewa a bakin gado ba, kidney failure ake cewa, haka ma na zuciya heart failure. Shi ke nan, ka wuce.

Mataki na uku shi ne inda ya kamata ka zauna, ka miƙe ƙafa. Akwai kalmomin da suka yi kama a harsunan biyu amma ma'anarsu ta raba hanya, kuma a asibiti wannan ba abin dariya ba ne. A 1980 aka kai wani matashi ɗan shekara 18 wani asibiti a Florida a sume. Danginsa 'yan asalin Kuba ne, suka ce yana intoxicado, ma'ana ya ci ko ya sha wani abu da ya ɓata masa ciki. Aka ɗauka intoxicated suke nufi, aka yi masa maganin wanda ya sha ƙwaya fiye da kima. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, hannuwa da ƙafafu sun shanye, kuma diyyar da aka daidaita a kai ta kai kusan dala miliyan 71. Ni kowane sabon ɗalibi sai na ba shi wannan labarin kafin mu taɓa jerin kalmomin, domin daga ranar yake daina ɗaukar darasin da wasa.

Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, amma a cikin jimla, ba a jere ba. A Sifaniya wanda ya ce estoy constipado mura yake yi. Idan ya ce wa likitan Ingila I am constipated, maganin taurin bayan gida za a ba shi. Molestia ɗan rashin jin daɗi ne a jiki, amma wanda ya ce it molests me ya faɗi kalmar da a Turanci ta shafi cin zarafi, discomfort ko it bothers me ya kamata ya ce. Soportar jurewa ne, don haka za ka ji I can't support the pain a maimakon I can't bear the pain. Sensible tasu ita ce sensitive. Sano lafiyayye ne, sane kuwa mai hankali ne, kuma ka ga bambancin da ke tsakanin a ce mutum ba shi da lafiya da a ce ba shi da hankali. Receta ɗaya ce a wurinsu ga takardar magani da tsarin girki, shi ya sa suke zuwa kantin magani da recipe. Anginas ciwon maƙogwaro ne a Sifaniya da Meziko, angina a Turanci ciwon ƙirji ne da ya shafi zuciya. Idan likita ya ce let's discuss your results, kunnen ɗalibinka discutir yake ji, wato gardama. Mafi muni a cikinsu ma ba doguwa ba ce: once da ke jikin kwalbar magani, sau ɗaya, a Sifaniyanci goma sha ɗaya ke nan.

Kuskuren malamai a nan shi ne su karanta wa ɗalibi jerin, ya gyaɗa kai, a ɗauka an gama. Bai gama ba. Ya san bambancin a takarda, amma da zarar ya shiga magana da sauri, tsohon harshe ke riga sabo fitowa. Abin da ke aiki shi ne ka zama marar lafiya ko likita, ka jefa masa kalmar ba tare da sanarwa ba, a tsakiyar wata hira daban, mako bayan mako. Kalma biyar a sati ta isa. Wanda ya ce maka zai haddace talatin a zama ɗaya, ka bar shi ya gwada, sannan ka tambaye shi ranar Juma'a.

Bayan wannan sai kalmomin zafi. Ɗalibinka yana da dolor da me duele, da su yake yin kusan komai. Turanci kuwa ya rarraba: ache mai nauyi da ba ya tafiya, sore kamar jikin da ya yi tsami, tender wurin da sai an taɓa yake zafi, throbbing mai zogi yana bugawa, stabbing kamar suka, shooting mai gudu daga baya zuwa ƙafa, stiff gaɓar da ta sage da safe, numb inda ba a jin komai, pins and needles kamar ana tsira allurai. Likita na amfani da waɗannan wajen gane ko jijiya ce ko gaɓa ko tsoka, don haka ba ado ba ne. Kada ka fassara masa su. Ka sa ya kama wurin a jikinsa ya kwatanta, kai kuma ka ba shi kalmar.

Tare da su ake koyar da ƙananan fi'ilan nan masu jela, waɗanda ba su da dangi a Sifaniyanci. Ciwo yana flare up, magani yana kick in sannan ya wear off, likita yana taper off da shi a hankali, mutum yana pass out ko throw up, yana cope with abin da ba ya warkewa. A nan kai Bahaushe kana da sa'a, domin mun saba cewa ciwonsa ya tashi, ciwonsa ya lafa, kuma tunanin da ke cikin flare-up da remission ke nan. Ka jaddada masa cewa remission lafawa ce, ba warkewa ba, relapse kuma dawowa. Kalmarsu brote tana ɗaukar tashin ciwon mutum ɗaya da ɓarkewar annoba, Turanci ya raba su flare-up da outbreak. Ciwon suga da hawan jini da asma ba a cewa cure a kansu, manage ake cewa.

Batun kuɗi: kada ka sa ɗalibi sayen littattafan Turancin likitanci masu tsada tun da wuri. Shafin MedlinePlus na gwamnatin Amurka kyauta ne, kuma yawancin bayanansa suna da Turanci da Sifaniyanci, sai ya buɗe biyun gefe da gefe. Shafin NHS, hukumar lafiya ta Ingila, shi ma kyauta ne, an rubuta shi da irin Turancin da ake yi wa marar lafiya. Littafi sai in zai zauna jarrabawar OET ta Turancin ma'aikatan lafiya, wadda hukumar nas-nas ta Birtaniya ke karɓa, ita ma kuɗinta kaɗai ya ishe shi.

Nahawu abu ɗaya kawai nake taɓawa. Ciwo mai daɗewa maganar tsawon lokaci ce, su kuwa suna cewa tengo diabetes desde hace diez años, sai ta fito I have diabetes since ten years. Ka sa ya maimaita I have had diabetes for ten years da cututtuka daban-daban har bakinsa ya saba.

Sauran kalmomin walwala da lafiyar ƙwaƙwalwa ba sa cin lokaci. Bienestar tasu ta haɗa wellbeing da welfare, ka raba masa. Ka ba shi fatigue da brain fog da trigger da pacing da side effects. Burnout kuma ya sani cewa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana shi a matsayin abin da ke tasowa daga wurin aiki, ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba. Ka gyara masa ladabin magana: a person with diabetes ya fi a diabetic karɓuwa a asibitoci da yawa, lives with ya fi suffers from, wheelchair user ya fi wheelchair-bound. Minti goma na ƙarshen kowane darasi ka zama tsohuwa mai ciwon gaɓɓai da ba ta san kalmar Latin ko ɗaya ba, shi ya ɗauki tarihin ciwonka, ku naɗi muryar, ya saurara kafin darasi na gaba.