Kafin yaronka ya sa hannu a takardar tallan hotonsa

Ɗan ƙanena da na riƙe a nan Jidda yana buga ƙwallon kwando a wata jami'a a Amurka. Da ya zo hutu, wani mai shagon takalma ya kawo masa takarda shafi huɗu, yana son hotonsa a allon talla. Na ce, "Ɗana, ajiye biron nan tukuna."

Tun 1 ga Yuli 2021 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta ƙyale ɗalibai 'yan wasa su ci kuɗin sunansu da hotonsu. Amma shi da bizar karatu ta F-1 ya shiga, kuma bizar ba ta yarda ɗalibi ya kama aiki yadda ya ga dama a cikin Amurka ba. Nan ne hankalina ya fi tashi, don bizar ce jarinsa. In naka ma haka yake, ya fara tuntuɓar ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa, ɗaukar hoton kuma a yi ta nan gida lokacin hutu.

Sai takardar. Wata nawa za a yi ana amfani da hoton, a wace ƙasa? In kun ga "har abada", ku soke. Kada ya sa riga mai tambarin makaranta sai da izini. In kuɗin ya kai dala 600, 'yan wasan jami'o'in rukunin farko na NCAA (Division I) sai sun kai rahoto ta NIL Go, shafin intanet da ake tantance irin wannan yarjejeniya.